Sabuwar Kwamfutar da Aka Haɗa Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Wanda ya tara kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya haɗa su da hannunsa, sannan ya danna maɓallin kunnawa ya ga ko motsi babu, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ko dai an sayar masa da mataccen kaya, ko kuma shi da kansa ya ƙona wani abu garin haɗawa. Duka biyun suna faruwa, sai dai ba kasafai ba. Abubuwan da suka fi hana sabuwar kwamfuta tashi ƙanana ne, har mutum yakan ji kunyar faɗarsu bayan ya gano su: wayar da ba ta gama shiga ba, sandar RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta) da gefe ɗaya ya zauna ɗayan yana sama, ko wayar sikirin da aka soka a ramin da ba nata ba.

Cewa kwamfuta “ta ƙi tashi” ba cuta ɗaya yake nufi ba. Idan aka danna maɓalli, babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, yana aika wa akwatin wuta, wato na'urar da ke ciyar da kayan kwamfutar da lantarki, saƙo ya saki wuta; akwatin ya daidaita ƙarfinta, sannan ya sanar da allon cewa komai ya zauna; daga nan furosesa (CPU), wadda ke yi wa kwamfutar duk lissafi, ta farka ta soma karanta ƙaramar manhajar da ke ajiye a jikin allon, wadda har yau ake kira BIOS ko da yake a sababbin alluna sunanta na ainihi UEFI. Wannan manhaja ce ke bin kayan bi da bi, ta duba RAM, ta duba abin da zai fitar da hoto, ta nemi ma'ajiyar da Windows ko Linux ke ciki, sannan ta miƙa ragama. Binciken nan shi ake kira POST. Tun da tafiya ce mai zango-zango, abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne zangon da kwamfutar ta tsaya, domin sanin haka kaɗai yana rage abin zargi daga kaya goma zuwa biyu ko uku.

Duk lokacin da za a sa hannu cikin gidan kwamfutar, a kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, a zare wayar bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta zube, a kuma taɓa ƙarfen gidan domin sauke wutar da jikin mutum ke tarawa. Sannan a riƙa sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji. Wanda ya canza wa RAM wuri, ya sake zaunar da katin hoto (wanda ke aika hoto zuwa sikirin), ya cire batir, duk a lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, idan kuma ta ƙara rikicewa bai san abin da ya ɓata ba. Littafin jagorar babban allo ya kasance a buɗe a gefe, saboda kowane kamfani da yadda yake jera ramukansa.

Idan babu fitila, babu fanka, babu komai

A fara da makunnin bayan akwatin wuta: alamar I tana nufin a kunne, alamar O a kashe, kuma sababbi sukan zo a kashe. A gwada soket ɗin bango da wata na'ura. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni na zaɓi tsakanin 115 da 230, wanda dole ya dace da ƙarfin wutar da ake amfani da ita a wurin. Idan yana kan 115 aka ba shi wuta mai bolt 230, nan take zai ƙone.

Daga nan sai babbar waya mai fil 24 da ke ciyar da allon. Tana da taurin shiga, kuma mutane da yawa suna tsayawa da zarar sun ji allon ya soma lanƙwasa. Sai a tallafe shi da yatsu daga ƙasa, a danna har ɗan maƙallin gefe ya kama, ba a ganin tazara tsakanin robobin biyu. Idan akwatin wutar irin wanda ake cire wa wayoyi ne, a duba ɗaya bakin da ke shiga jikin akwatin shi ma, domin a wasu samfura wannan waya ta rabu biyu a can, kuma sau da yawa ƙaramin reshen ne ake mantawa. Akwai gargaɗi a nan da ya fi kowane muhimmanci: kada a taɓa amfani da wayoyin wani akwatin wuta a kan wani, ko da bakin ya shiga daidai, ko da kamfaninsu ɗaya. Jerin fil ɗin ɓangaren akwati ba shi da ƙa'ida guda, kuma wayar aro tana iya kai bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙone ma'ajiya ko allo.

Sai siraran wayoyin gaban gida, waɗanda ke haɗa maɓallin kunnawa da allon. Su ne suka fi saurin ruɗa mutum, saboda fil ɗin a cunkushe suke kuma rubutun da ke gefensu ƙanana ne ƙwarai. Wadda aka rubuta wa POWER SW ko PWR_SW ita ce ta maɓalli, kuma ba ta da gaba ko baya, ta kowace fuska aka sa ta za ta yi aiki muddin tana kan fil biyun da littafi ya nuna. Domin a fitar da maɓallin daga zargi, sai a zare wayar, a kunna wuta, a taɓa fil biyun nan tare da kan sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan kwamfutar ta tashi, laifin na maɓalli ne ko na wayarsa.

Idan har yanzu shiru, sai a gwada akwatin wutar shi kaɗai. A raba shi da duk kayan kwamfutar, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu, a haɗa fil na 16 na babbar wayar, wanda bisa al'ada wayarsa kore ce, da ɗaya daga cikin baƙaƙen da ke kusa da shi, sannan a kunna. A yau akwatuna da yawa duk wayoyinsu baƙaƙe ne, don haka sai an ƙirga fil ɗin da taimakon zanen littafi, ba da ka ba. Wasu kuma fankarsu ba ta juyawa sai aiki ya yi nauyi, saboda haka ya fi kyau a jona wata fanka a gani. Mai mitar awon wuta zai iya auna layukan 12 da 5 da 3.3, waɗanda bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi bai kamata su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Wannan gwaji yana nuna akwatin da ya mutu murus, amma ba ya wanke wanda ke gazawa idan an ɗora masa nauyi. Buɗe cikin akwatin kuwa, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Idan fanka ta juya ta tsaya

Fankar da ta motsa na rabin daƙiƙa ta mutu, yawanci alama ce cewa akwatin wuta ya ji wuta ta haɗu a inda bai kamata ba, ya kashe kansa don kariya. Babban abin zargi shi ne ƙananan turakun tagulla da allon ke zaune a kansu. Kowane turke dole ya faɗa daidai kan ramin sukuru. Turke ɗaya da ya yi saura a ƙarƙashin allon, musamman idan an sa ƙaramin allo a gidan da aka shirya wa babba, ya isa ya taɓa layukan baya. Sukurun da ya faɗa ya maƙale, ko ɗan harshen ƙarfen murfin baya da ya kutsa cikin ramin USB, ko fil ɗin da ya lanƙwashe a mahaɗin USB na gaba mai fil 19, duk suna haifar da irin wannan.

Idan kuma ta ɗauki daƙiƙu da dama, ko ma minti ɗaya, kafin ta mutu, zafi ne ya fi kama da mai laifi. A cire na'urar sanyaya furosesa a duba ko an ɓare siririyar ledar da ke manne a gindinta, ko an shafa man da ke ɗauke zafi, ko ƙafafunta huɗu sun kama daidai, kuma ko fankarta na jone a wurin da aka rubuta CPU_FAN. Mai sanyaya da ruwa ya tabbatar famfon yana samun wuta. Sai dai a lura, wasu alluna sukan kunna kansu su kashe sau biyu ko uku a tashin farko yayin da suke daidaita RAM, kuma wannan ba ciwo ba ne idan daga baya sun zauna.

Idan komai na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin

Nan ne mafi yawan masu haɗa kwamfuta ke maƙalewa, kuma nan ne ya fi cancanta a daɗe. A soma da bayan gidan. Idan akwai katin hoto, wayar sikirin, HDMI ce ko DisplayPort, a jikin katin za ta shiga, wato ramukan da ke ƙasa, ba waɗanda ke jere da na USB a sama ba. Ramukan hoto na babban allo suna aiki ne kawai idan furosesar tana da sashen hoto a cikinta. Furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su da shi. A ɓangaren AMD, yawancin furosesoshin Ryzen na soket AM4 (soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan allo) ba su da shi sai masu harafin G, yayin da jerin Ryzen 7000 da suka fito a 2022 akasarinsu suna da ɗan ƙaramin sashen hoto. Wanda ya haɗa furosesa marar hoto ba tare da kati ba, ko ya kwana yana jira ba zai ga komai ba, alhali kwamfutarsa lafiya lau take. A kuma tabbatar sikirin ɗin kansa yana kan hanyar shigar da aka jona.

Abu na biyu shi ne haƙuri. Alluna masu RAM nau'in DDR5, musamman na soket AM5, sukan ɗauki mintuna da dama a tashin farko suna auna RAM, sikirin baƙi, fankoki na juyawa, kuma yawan RAM ɗin yana ƙara tsawon jiran. A ba ta kamar minti goma kafin a yanke hukunci, domin kashe ta a tsakiyar wannan aiki yana mayar da ita farko ne kawai.

Bayan haka sai a saurari abin da allon ke faɗa da kansa. Alluna da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (hoto) da BOOT (ma'ajiyar da ake tashi da ita). Suna kamawa ɗaya bayan ɗaya yayin bincike, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna zangon da aka maƙale. Masu tsada suna da ɗan allon lambobi biyu da ake duba fassararsu a littafi. Wanda allonsa ba shi da ko ɗaya, zai iya jona ƙaramar lasifika mai fil huɗu a wurin da aka rubuta SPEAKER. Ƙara ɗaya gajera yawanci tana nufin an wuce lafiya, sauran ƙararraki kuwa ma'anarsu ta danganta da kamfanin BIOS. Amma a riƙa karanta fitilun nan da hankali, domin wurin da aka tsaya suke nunawa, ba lallai kayan da ya lalace ba. Fitilar DRAM tana iya kamawa saboda fil ɗaya ya lanƙwashe a soket ɗin furosesa, tun da sashen da ke sarrafa RAM a cikin furosesar yake.

Idan fitilar CPU ce, a fara duba waya mai fil 8 da ke shiga saman allon ta hagu. A lungu take, na'urar sanyaya takan rufe ta, kuma ana yawan mantawa da ita. Tana kama da ta katin hoto, amma ba ɗaya ba ne: ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta kati kuwa 6 da 2, kuma jerin wutarsu ya saɓa. Idan waya ta ƙi shiga, kada a tilasta mata.

Idan ta DRAM ce, a cire duk sandunan, a bar ɗaya a ramin da littafi ya ce, wanda a yawancin alluna masu ramuka huɗu shi ne A2, na biyu daga furosesa. Idan sanduna biyu ne kuma A2 da B2. RAM tana son a danna ta da ƙarfin da sabon shiga yake jin tsoro, har sai an ji ƙas a kowane gefe. Allunan da maƙallinsu gefe ɗaya ne kawai ke buɗewa su ne suka fi yaudara, saboda sandar takan yi kamar ta zauna alhali ƙarshenta bai kai ƙasa ba. Idan sanda ta farko ta ƙi, a gwada ta biyu a ramin nan, sannan a gwada wani rami. Da haka ake bambance sandar da ta mutu da ramin da ya mutu. DDR4 da DDR5 duka fil 288 gare su, amma tsagar tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, kuma ba sa shiga ramin juna.

Idan ta VGA ce, a zare katin a sake zaunar da shi a dogon ramin da ya fi kusa da furosesa har maƙallin ya rufe, a kuma cika duk ramukan wutarsa. Sabon mahaɗi mai fil 16 da ya yaɗu tare da katunan Nvidia na jerin RTX 40 yana bukatar kulawa ta musamman, domin an samu waɗanda suka narke saboda ba su shiga har ƙarshe ba. Idan furosesar tana da hoto, hanya mafi sauƙi ita ce a cire katin gaba ɗaya a jona sikirin a allon. Hoto ya fito, an san inda za a duba.

Mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga masana'anta yana da amfani musamman idan allon ya taɓa aiki, ko kuma matsalar ta fara ne bayan an kunna XMP ko EXPO don ƙara wa RAM gudu. Bayan an zare wuta, ko dai a haɗa fil biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS ko makamancin haka na kamar daƙiƙa goma, ko a cire batir ɗin CR2032 mai kama da kwabo na 'yan mintuna.

Akwai kuma matsalar da babu yawan sake zaunar da kaya da zai magance ta, wato furosesar ta fi BIOS ɗin allon sabunta. Soket ya dace, komai ya shiga, amma allon bai san ta ba. Haka ta faru da mutane da dama lokacin da Ryzen 5000 ta fito a ƙarshen 2020 aka ɗora ta a kan allunan B450 da B550 da suka daɗe a kanti, haka kuma da furosesoshin Intel na zubi na 13 a kan allunan jerin 600. Shafin kamfanin allon yana nuna lambar BIOS da kowace furosesa ke bukata. Alluna da yawa suna iya sabunta kansu ko ba furosesa: ASUS na kiran tsarin USB BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ana tsara filashi a kan FAT32, a sa fayil ɗin a sauya masa suna yadda kamfanin ya umarta, a soka a ramin USB da aka keɓe, a danna maɓallin, a bar shi har fitilar ta daina ƙyaftawa. Katse wuta a tsakiyar wannan aiki yana iya lalata allon. Idan ba shi da wannan tsari, sai an ari tsohuwar furosesar da ya sani.

Fitar da allon daga gida

Idan duk wannan bai yi ba, sai a kwance. Mutane suna ƙin wannan mataki saboda sun sha wahalar jera wayoyi, amma a ganina ya fi awa uku na lalube a cikin gida sauƙi. A ɗora allon a kan kwalin da ya zo a ciki, ba a kan ledarsa mai sheƙi ba, domin wutar lantarki na iya bi ta bayanta. A bar furosesa da mai sanyaya ta, sandar RAM ɗaya, waya mai fil 24, mai fil 8, da sikirin, sai katin hoto idan ba makawa. A tayar da ita ta hanyar taɓa fil biyun maɓalli da kan sukudireba. Idan ta tashi, sai a riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya har a kai ga wanda ya kashe ta. Idan duk sun koma tana aiki, laifin yana jikin gidan.

Furosesa ita ce ta ƙarshe da za a ɗaga, saboda kowace ɗagawa haɗari ce. A tabbatar ɗan alwatikan da ke kusurwarta ya fuskanci na soket. A Intel da AM5 fil ɗin suna cikin soket, sirara kamar gashi, 1,700 a LGA1700 da 1,718 a AM5. A AM4 kuwa a jikin furosesar suke. A haska su da tocila daga gefe, domin wanda ya lanƙwashe yana ƙyalli dabam da 'yan'uwansa. Wajen mayar da mai sanyaya, a riƙa ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan ta kusurwoyi masu kallon juna, saboda matsewar da ta wuce kima ko ta karkace tana iya sa wasu ramukan RAM su daina aiki.

Idan BIOS ta bayyana amma ba a wuce nan ba

Wanda ya ga tambarin kamfani ko saƙon cewa ba a sami abin tashi ba, ya riga ya tsallake mafi wuya. Sabuwar ma'ajiya babu komai a cikinta, don haka saƙon daidai ne har sai an sa Windows ko Linux daga filashi. Idan ma'ajiyar ce ba ta bayyana a BIOS ba, a sake zaunar da ita, a kuma duba littafi, domin wasu ramukan M.2, inda ake soka ƙaramar ma'ajiya a jikin allo, suna karɓar nau'in NVMe kawai ba nau'in SATA ba, wasu kuma idan aka cika su suna kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA. Windows 11 tana bukatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda a BIOS ake samunsa da sunan fTPM a AMD, PTT a Intel. Tsohuwar ma'ajiyar da aka ɗauko daga wata kwamfuta, idan tsohon tsarin rabo na MBR gare ta, ba za ta tashi ba sai an kunna saitin CSM a BIOS, mai karɓar tsohon tsari, ko an mayar da ita sabon tsarin GPT.

Ba a yanke wa wani kaya hukuncin mutuwa sai an musanya shi da wanda aka san yana aiki, ko an gwada shi a wata kwamfuta ya ƙi. RAM, katin hoto da akwatin wuta suna da sauƙin aro. Tsakanin allo da furosesa ne rarrabewa ke wuya, kuma idan ya rage su biyun, allon ne ya fi cancantar zargi, domin sabuwar furosesa ba ta cika zuwa a mace ba. Kafin a mayar da shi ƙarƙashin garanti, a rubuta gwaje-gwajen da aka yi da fitilar da ta tsaya, a ɗauki hoton soket ɗin a fili, sannan a mayar masa da murfin robar da ya zo da shi, saboda kamfanoni sukan ƙi karɓar allon da fil ɗinsa suka lanƙwashe, ko da a hanya suka lanƙwashe.